Mai zanen Asawase da ya ɗora mana gidan kakanmu a kan ƙyalle

Tun ranar da na sa hoton zanen gidanmu a WhatsApp tambayoyi ba su daina shigowa ba: wa ya yi, nawa aka biya, da hannu ne ko da kwamfuta? Da duka biyun aka yi shi. Na ga gara in zauna in rubuta yadda aikin ya gudana, da abin da ya burge ni da wanda ya ɓata mini rai, don mai niyyar kai wa yaron nan aiki ya san abin da zai tarar.

Gidan gadonmu yana Aboabo, wata unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana. Kakanmu falke ne, daga Kano ya biyo hanyar goro ya zauna a Kumasi, yadda iyayen mutanen zango da yawa suka yi tun bayan faɗuwar kasuwar Salaga ta arewacin Ghana. Gida ne irin na da: zaure a gaba, ɗakuna kewaye da tsakar gida, rufin kwano. Bara dangi suka yanke shawarar a rushe shi a ɗora bene, domin bango ya fara tsagewa, kuma duk wanda ya san Aboabo ya san abin da ruwan damina yake yi mana. Ban ja da shawarar ba. Abin da zuciyata ta kasa ɗauka shi ne jikokinmu su tashi ba su san siffar gidan ba. Hoto ɗaya tak muke da shi na zamanin Kaka, baƙi da fari, ya koɗe, ƙofar zaure kawai ta fito a ciki da shi zaune a kan dakali.

Shagon mai zanen ɗan ɗaki ne a unguwar Asawase, nan cikin Kumasi. Rabinsa gwangwanayen fenti ne da buroshi da ƙyallayen da aka ɗaure a katako, ɗaya rabin tebur ne mai ɗauke da iPad da wata tsohuwar kwamfuta. A hannun masta mai rubuta allunan shaguna ya fara koyo, sana'ar da Kumasi ta daɗe da shahara a kanta. Wanda ya taɓa wucewa ta Suame ya ga shagon Kwame Akoto, Almighty God Art Works, da aka buɗe tun 1972, ya san irin gwanintar da nake nufi. Da manyan injinan buga allunan talla suka cika gari, aikin hannu ya ja baya, yadda fastocin fina-finan da ake zanawa a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 suka ɓace. Sai yaron ya koma wani shagon bugu a unguwar Asafo ya koyi manhajojin zane na kwamfuta, CorelDRAW da Photoshop, yana haɗa fastocin jana'iza da na biki. Bai shiga sashen zane na jami'ar KNUST ta Kumasi ba, kuma bai ɓoye mini hakan ba.

Ranar da ya fara zuwa gidan bai ɗauko iPad ba. Littafi ne a hannunsa da fensir. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, 'yar autar Kaka, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tashi a gidan, sannan ya zauna a ƙasan tabarmarta yana tambaya.

"Gwaggo, kafin a ja famfo ina rijiyar take?"

"Can kusurwar da ka ga tarin bokitai, ɗana. Da murfin katako a kanta."

Haka suka wuni, tana faɗa yana ja da fensir. Ya ɗauki hotunan bango da ƙofofi da waya, ya kuma ɓantari ɗan jan yumɓun da ya leƙo daga ƙarƙashin siminti ya ƙulle a leda, don ya riƙa gwada launi da shi. Ni 'yar kasuwar atamfa ce a kasuwar Kejetia, launi shi ne abincina, wannan ƙullin ledar ne ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Daga nan aikin ya koma kan iPad, a manhajar Procreate. Yadda ya nuna mini, zanen falle-falle ake yin sa, kamar an jera ledoji masu haske ɗaya bisa ɗaya: bango a fallensa, rufi a nasa, bishiya a nata, mutane a nasu. Kowanne ana iya matsar da shi, a sauya masa launi, ko a kashe shi ɗungurungum ba tare da an taɓa sauran ba. Ban gane darajar wannan ba sai da aka kai wa Gwaggo. Tana dubawa ta ce mangwaron ba nan yake ba, bayan ɗakin girki yake. Ya sa yatsa ya ja bishiyar ta koma inda ta ce. Ta ce kwanon ya cika ƙyalli, ita tun tana yarinya da tsatsa ta san shi. Ya rage hasken, ya zuba ja-ja a gefen. Wajen goro kuwa sai da ta yi masa faɗa, domin buhuna ya zana a jingine. Ta ce goro ba hatsi ba ne, a kwando ake shimfiɗa ɗanyen ganye a zuba shi, a yayyafa ruwa, a rufe a ɗaure huhu, mata kuma suna zaune a zaure suna tsince fari daga ja, suna ware mai tsutsa. Ya goge buhunan nan take ya zana yadda ta faɗa, tana kallo tana gyara masa. Da a kan ƙyalle ne, kowane gyara ɗaya sai an jira fenti ya bushe an shafe an sake, kuma na san da kunya ta hana Gwaggo faɗin rabin abin da ta faɗa. Tsohuwa ba ta son ta ɓata wa yaro aiki. Da ta ga gyaran ba ya cin komai, sai bakinta ya buɗe, har abin da ni ban taɓa ji ba ta tuno, irin ƙusar da Kaka yake rataye tasbaha a bayan ƙofa.

Sai maganar fuska. Kawu, wanda shi ne malamin gidanmu, ya ce bai yarda a zana siffar Kaka a rataye a bango ba. 'Yan'uwanmu na Bronx ta Amurka da na Italiya suka ce su fuskar Kaka suke so su nuna wa 'ya'yansu. Na ji tsoron abin ya zama rigima. Mai zanen bai tsoma baki a fatawa ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Malam, yadda kuka ce haka za a yi." Ya kashe fallen fuska, ya juya mutanen cikin zanen suna ba da baya ko suna nesa, Kaka kuma ya karkatar da shi yana kallon cikin zaure, rawani da babbar riga kawai ake gani. Kawu ya duba ya yi shiru, daga baya ya ce a ci gaba. Waɗanda suke son fuskar aka ajiye musu nasu fayil daban. A ganina wanda ba fuskar ya ma fi kyau, domin duk wanda ya san Kaka yana gane shi daga zamansa.

A nan ne kuma laifinsa na farko ya fito. Sauƙin gyara ya sa ba ya iya cewa a'a. Ya riƙa tura kowane sabon gwaji cikin rukunin dangi na WhatsApp, kowa yana kawo nasa, har wanda bai taɓa kwana a gidan ba yana cewa a ƙara taga. Makonni suka tafi a haka. Mai sana'a ya kamata ya faɗa tun farko cewa gyara sau kaza ne, kuma bakin mutum ɗaya zai bi. Sai da na fitar da shi daga rukunin na ce daga ni sai Gwaggo.

Zanen iPad ɗin da aka amince da shi yana da kyau, amma ya cika tsabta. Gidanmu bai taɓa yin sumul haka ba. Da ya koma kan ƙyalle ne gidan ya zama namu. Layukan kawai ya buga a takarda, ya raba ƙyallen gida-gida da fensir ya kwashe su da hannu. Ya shafa farin fenti na share fage, ya bi da jan ƙasa a ko'ina, sannan ya fara ɗora sauran launuka, ta yadda jan yana leƙowa ta ƙarƙashi kamar dai ƙurar Kumasi da ba ta barin komai. Fentin akirilik yake amfani da shi, mai saurin bushewa, ga shi lokacin hunturu ne, don haka kullum da 'yar kwalbar fesa ruwa a hannunsa. Bangon da wuƙar fenti ya yi shi, ya gauraya tankaɗaɗɗen yashi a ciki, idan ka shafa za ka ji kaushi.

Rigar Kaka ce ta fi tsaya mini a rai. Riga ce ta shuni da ta sha bugu, irin wadda take ɗaukar ido idan rana ta taɓa ta. A fuskar iPad shuɗi ne kawai shimfiɗe. A ƙyalle ya fara sa baƙi-baƙi, ya bi da wani launi mai kama da kunun kanwa da ya ji shuni, sannan shuɗin, ya bar ɗan haske a kafaɗa da bakin aljihu. Na shekara da shekaru ina taɓa yadi, na san ba kowa ke gane cewa shunin da aka buga yana da ja a ɓoye ba. Shi ya gane.

Wani ɗan yayata ya ce ai ƙirƙirarriyar basira ce ta yi masa zanen, shi kwafa kawai ya yi. Procreate tana naɗe duk layin da aka ja ta mayar da shi ɗan bidiyo, sai ya kunna mana muka kalli gidan yana tashi daga farin shafi, har da buhunan da ya goge. Mai shakka ya nemi a nuna masa wannan.

Bayan an gama, aikin ya sake komawa kwamfuta saboda 'yan'uwan da ke waje. Ya ɗauki hoton ƙyallen da safe a inuwa, ya daidaita launin a Photoshop, ya rubuta sunan Kaka da ajami a ƙasa, ya kai Asafo aka buga. Bugun farko bai yi ba. Ya yi duhu, rigar ta dushe ta koma wani launi marar rai. Dalilin sananne ne ga masu sana'ar: fuskar na'ura da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, kuma shuɗi mai zurfi yana cikin launukan da suka fi shan wahala a tsakaninsu. Wanda ya yi zama a shagon bugu bai kamata ya tsallake ɗan gwaji kafin ya buga duka ba. Amma da na nuna masa bai yi musu ba. "Hajiya, ki yi haƙuri, zan sake," ya ce, kuma da kuɗinsa ya sake. Wanda zai kai aiki ya dage sai an buga masa ƙaramin gwaji ya gani da idonsa a hasken rana. Ya kuma karɓi babban fayil ɗin mai ɗigo 300 a kowane inci, a turo shi a matsayin "document", ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye ya rage masa kyau.

Kuɗin ƙyallen ya kai na turmi uku na atamfa mai daraja, bugun kuma kowanne da nasa farashi. Rabi na tura ta MoMo, wato ta waya, kafin a fara, rabi bayan na karɓa. Ban ga tsada ba idan na tuna zaman da ya yi da Gwaggo. Lokaci ne dai bai cika ba: wata guda ya ce, aka ninka har da ɗoriya. Wani jinkirin na dumso ne, wato ɗauke wutar lantarki, wani na danginmu, amma wani nasa ne, domin duk ƙarshen mako fastocin jana'iza suna janye shi, kuma idan aiki ya sha masa kai ba ya ɗaga waya. Mai son zanen biki ko suna ya ba shi tazara mai yawa.

Firam ɗin da ya haɗo da shi kuma ban ba da shawarar a karɓa ba. Kafintan da yake ba aikin ɗanyen katako ya sa, kafin damina ta yi nisa kusurwa ɗaya ta buɗe. Na kai Adum an sake masa wani. A karɓi ƙyallen a ɗaure a katakonsa kawai, a nemi mai firam daban, kuma kada a rataye shi a bangon da ke tsatsafo da ruwa.