Salo ɗaya ko haɗa biyu: wanne ya fi amfani wajen kare kai?

Wani ɗan'uwa ya ce ya daɗe yana koyon taekwondo, yana tambaya ko ya tsaya a kai har ya ƙware, ko ya ƙara da judo ko kokawa, tunda kare kai yake nufi, ba gasa ba.

Malam, mu fara da na gida. Je gidan dambe ka kalli ɗan dambe: hannu ɗaya naɗe da zare, shi ne mashi, ɗayan a miƙe gaba, shi ne garkuwa. Ya san tazara, ya saba da naushi a fuska, ba ya rufe ido. Amma da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, don haka bai taɓa koyon abin yi ba idan ƙato ya danne shi. Ɗan kokawa kuwa, irin masu neman takobi a Nijar tun 1975, in ya cafke ƙugunka sai dai ka ji ka a ƙasa. To amma yakan shigo a duƙe, fuska a buɗe, saboda a fagensa ba mai naushinsa. Kowane salo, dokar wasansa ce ke bar masa kafa. Naka ma haka: a taekwondo irin na Olamfik, wanda Alfaga ya ciwo wa Nijar azurfa da shi a 2016, an hana naushi a fuska, shi ya sa za ka ga hannayensu a ƙasa.

Mai salo ɗaya ribarsa zurfi ne. Abin da ya maimaita shekara da shekaru yakan fito da kansa lokacin da tsoro ya kama shi. A gasar UFC ta farko, wadda ke haɗa masu salon faɗa daban-daban su kara, a Denver ta Amurka a 1993, Royce Gracie, mai kilo kusan 80, ya gama da mutum uku a dare ɗaya da jiu-jitsu kaɗai, salon kaye da shaƙewa a ƙasa, har da ɗan damben boksin da ya shigo da safar hannu guda.

Sai dai abin bai ɗore ba, don mutane sun gane lagonsa. A 1997 Maurice Smith, gwanin naushi da shuri, ya koyi kare kansa a ƙasa daidai gwargwado, ya kara da zakara Mark Coleman ɗan kokawa. Coleman ya kayar da shi amma ya kasa gamawa, ya gaji tilis, Smith ya karɓe kambun. Lura fa, Smith bai zama ɗan kokawa ba. Ya toshe kafarsa ne kawai don ya samu damar yin abin da ya iya. Ni a ganina wannan ce haɗawa mai amfani, ba a yi wata uku nan, wata uku can, a tashi ba a iya komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa ga sabon shiga.

Kai kuwa kana da tushe, saboda haka ka ƙara, kuma judo ko kokawa ɗin ne daidai, ba karate ba, don karate ɗan'uwan taekwondo ɗinka ne. Abu uku za ka nema: iya faɗuwa ba tare da ƙeyarka ta daki ƙasa ba, kuɓuta daga riƙo, da miƙewa da sauri. Ka samu ɗan boksin kuma ya koya maka ɗaga hannu. Sharaɗi ɗaya, wurin ya zama ana gwabzawa da abokin da ke turjewa da gaske. In malami na nuna dabara a kan ɗalibin da ya tsaya ƙiƙam, ko salo goma ka haɗa ɓata lokaci ne.

Kada kuma ka ɗauka titi fage ne. Babu alƙali, babu katifa, kuma da wuya mai ƙwacen waya ya zo shi kaɗai ko hannu rabbana. Ko ka iya kaye, kada ka bi mutum ƙasa kana birgima, abokinsa na tsaye a kanka. In ka ga wuƙa, miƙa wayar, ka nemi hanyar gudu.