Nijar ko Najeriya: ina za ka kai yaronka karatu, kuma wane kwali zai dawo da shi?

Duk gidan da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ko Illela da Birnin Ƙonni, ya san wannan gardama. Dangi ɗaya ne, kawu na can, gwaggo na nan, yaro ya isa shiga makaranta ko ya gama sakandare, sai a zauna ana ja-in-ja a kan ɓangaren da za a tura shi. Ni dai ba zan ɓoye ba: daga aji ɗaya har zuwa ƙarshen sakandare, tsarin Nijar na fi so. Maganar jami'a kuwa daban ce, kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi.

Tsarin Najeriya kowa ya san shi. Shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a 1999 ake cewa shekaru 9 na farko kyauta ne kuma dole, amma leƙa makarantar gwamnati ta unguwarku ka ƙirga kawunan da ke aji ɗaya. A ƙarshe yaro ya zana WAEC ko NECO, ya nemi kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, sannan ya tunkari JAMB. Alherin tsarin shi ne ƙofofinsa da yawa: wanda ya faɗi WAEC yana da NECO, akwai NABTEB ta masu sana'a, akwai NBAIS ta 'yan Arabiyya. Cutarsa kuma ita ce yaro na iya tafiya daga aji zuwa aji ba tare da wani ya tsayar da shi ya tambaye shi abin da ya iya ba, har ya zo shekarar ƙarshe a kai shi irin cibiyoyin nan da ake rubuta amsa a allo.

A Nijar gadon Faransa ake bi. Lakwal ta firamare shekara 6 ce, daga CI zuwa CM2. Sai kwaleji shekara 4, ana ƙirga azuzuwan da baya-baya, daga na shida zuwa na uku, a rufe da jarrabawar BEPC. Sai lise, wato babbar sakandare, shekara 3, a rufe da Bak, jarrabawar shiga jami'a. Jimilla shekara 13 ke nan kafin jami'a, Najeriya kuwa 12. Wannan shekara ɗaya da ta ƙaru ba asara ba ce.

Abin da ya ja ni ga tsarin shi ne yadda ake auna yaro. Maki a kan 20 ake ba shi, kuma 10 ce iyaka. Wanda jimillar makinsa ta kasa, zai maimaita aji, ko ɗan wane ne, kuma ba a ɗauke shi abin kunyar da uba zai je ya yi wa malami faɗa a kai ba. Na taɓa duba littafin wani ɗan ƙanwata da ke aji na huɗu a kwaleji a Maraɗi. Kwanan wata an ja masa layi da jan biro, kan darasi da wani launi, rubutun a tsaye kamar an ɗaura masa zare, a gefe kuma malami ya sa masa 08/20 ya rubuta abin da ya rage masa. Yaron bai ji haushi ba, ya san 12 ma sai an yi gumi. A wajenmu yaro ya kawo 80 cikin 100, ka ba shi wasiƙa ya karanta maka, sai ya fara kallon rufin ɗaki.

Bak ɗin kanta ba a cin ta da ka. Akwai rukunin A na adabi da harsuna, akwai C na lissafi da kimiyyar fiziks, akwai D na kimiyyar halittu, inda masu son likitanci suka fi taruwa. Rubutun zube ake yi, shafi bayan shafi, har da falsafa a shekarar ƙarshe, ba zaɓi-ka-cika ba. A shekaru da dama waɗanda suke tsallakewa ba sa kai rabin waɗanda suka zauna. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni a nan nake ganin darajar takardar, don abin da kowa ke samu ba ya da farashi a kasuwar aiki.

Ga mai son yaronsa ya haɗa addini da boko, makarantun Faranko-Arab na Nijar sun daɗe a cikin tsarin gwamnati, tun madarasar garin Say ta 1957. Yaro na karatu da Larabci da Faransanci, ya zana jarrabawar ƙasa, ya fito da takardar da hukuma ta sani. A Say ɗin nan ne kuma Jami'ar Musulunci take, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa, ta fara aiki a 1986, kuma 'yan Najeriya da yawa sun yi karatu a cikinta.

Ba na cewa babu matsala. Faransanci katanga ne: yaron da ya yi firamare da Turanci, aka jefa shi kwaleji a Damagaram, zai yi shekara guda yana lalube, don haka in za a kai shi a kai shi da wuri. Kundin da gwamnatin soja ta fitar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki, amma kada wani ya ɗauka gobe za a zana Bak da Hausa. Malamai da yawa 'yan kwantiragi ne, albashi na makara, su ma suna yajin aiki, ɗalibai ma suna da ƙungiyarsu ta USN da ke iya rufe makaranta. Sannan akwai azuzuwan zana. A 2021 gobara ta cinye yara a irin waɗannan azuzuwa sau biyu, a Yamai cikin watan Afrilu, a Maraɗi cikin Nuwamba. In za ka sa yaro, je ka ga ajin da idonka, ka tabbata na gini ne.

Idan aka zo jami'a, abin da ke kora 'yan Najeriya waje sananne ne. ASUU ta yi wata 9 tana yajin aiki a 2020, ta sake yin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga wahalar samun gurbi, musamman a likitanci da aikin jinya. Jami'o'in kuɗi na gida kuwa, wanda ke da halinsu ba ya buƙatar shawarata. Nijar tana da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, da Djibo Hamani a Tawa, duk a kan tsarin LMD: lisans shekara 3, masta 2, dakta 3. Ka lura da wannan 3 ɗin. Digirin farko a Najeriya shekara 4 ne, don haka wanda zai dawo gida da lisans ya fara tambayar yadda za a auna masa ita kafin ya tafi, ba bayan ya dawo ba. Ga kuma sefa, wadda ke ɗaure da yuro. Tun da naira ta faɗi a 2023, kuɗin makarantar da aka saba biya cikin sauƙi ya zama kaya. Haka nan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk mai tura yaro ya sa wannan a lissafi, ya yi masa fasfo na gaske.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Mafi yawan 'yan Najeriya da ke cewa suna karatu a ƙasashen Faransanci ba jami'o'in gwamnati suke ba, makarantun kuɗi ne masu koyarwa da Turanci. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma shago da allon suna. Kowa ya ji labarin digiri ɗan Kwatano. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, kuma ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ambaci Nijar cikin ƙasashen da binciken zai kai gare su. Daga baya ya ce sama da mutum 22,500 ne ke yawo da kwalayen bogi daga waɗancan ƙasashe biyu. Kwatano da Lome dai na cire su daga lissafi, ko kyauta aka ba ka.

Abin ya taɓa gidanmu. Ɗan wana yana da difloma, wani dillali ya same shi da zancen cike-giɓi, wai shekara ɗaya ya zama mai digiri, zuwa sau biyu kawai, sauran ta waya. Aka sayar da filin uwarsa aka biya, cikin asusun dillalin, ba na makaranta ba. Kwali ya zo da tambarin zinare da hoton hula da alkyabba. Da aka je tantancewar bautar ƙasa, aka ce ya kawo fasfo a ga hatimin shiga da fita, da shaidar zama a can, da sakamakon kowane zango. Babu ko ɗaya. Dillalin ya daina ɗaga waya, yaron yana nan yana sayar da katin waya a bakin tasha.

Saboda haka duk wanda ya ce maka digiri cikin shekara ɗaya, ko ba sai an zauna a aji ba, ko ba a buƙatar kiredit 5, tashi ka bar masa wurin. Kada ka yarda da takardar amincewa da aka turo maka ta WhatsApp, ko hoton mai makaranta da wani babba. Waɗannan a shagon kwamfuta ake haɗa su. Ka nemi tabbaci daga sashen tantance takardu na Ma'aikatar Ilimi da ke Abuja, ka kuma binciki ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar ta san makarantar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin takamaimai, don ana iya amincewa da makaranta a kan harkar kasuwanci, ita kuma ta buɗe sashen jinya da kanta. Ka tambaya ko hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance digirorin ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta san digirin. In likitanci ne, ka sani duk wanda ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar likitocin Najeriya, kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya, masu jinya da ungozoma su ma da tasu hukumar. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka gama can, suka yi bautar ƙasa, ka ga takardar sallamarsu da idonka, kuma kada dillalin ne ya zaɓo maka su. Kuɗi kuma a asusun makaranta, da rasit mai suna da lamba, zango-zango, kada a biya na shekara biyu a dunƙule don an ce za a yi ragi.