Wane ƙarfe ne ke jure gishirin teku? Abin dubawa kafin sayen get, bogila da kwanon rufi

Get ɗin baƙin ƙarfe da zai yi shekaru a Kano ko Maradi da fenti ɗaya, idan aka kafa shi a Lekki ta Legas, ko Tema ta Gana, ko Kwatano ta Benin, ba ya jimawa zai fara tsatsa daga ƙasa. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, iska kuma tana kwaso shi ta yayyafa wa gidajen gaɓa. Tsatsa ruwa da iska take buƙata. Gishiri yana jawo danshi ya riƙe shi a jikin ƙarfe, sannan ya sa ruwan ya zama mai saurin ɗaukar lantarki, sai cin ya ƙara sauri.

Baƙin ƙarfe shi ne mai araha, kowane mai walda ya iya aikinsa. Amma a bakin teku fenti ne kaɗai kariyarsa. Sai an kankare shi tas, an shafa jan fenti na ƙasa kafin na sama, kuma an riƙa sabuntawa. Ga wanda ba ya zaune a gidan, arahar ba ta biya.

Galbanayiz, wato ƙarfen da aka lulluɓe da zinki, ya fi dacewa da get da bogila, sai dai iri biyu ne. Akwai wanda ake tsomawa cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450, rufinsa na da kauri, launinsa toka-toka. Akwai kuma mai ƙyalli da aka yi wa siririn rufi da lantarki, wanda ido ya fi so amma ba ya daɗewa. Amfanin zinki shi ne, ko an karce shi, shi ke fara cinyewa ya bar ƙarfen. Inda ake asara wurin walda ne: wuta tana ƙone zinkin, sai ka ga get lafiya lau amma kowace mahaɗa ta yi ja. Idan da hali, a gama walda sannan a kai a tsoma. In babu, ka tsaya a gabanka a goge mahaɗun a shafa musu fenti mai zinki.

Sitenles kuma, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, a nan ake cutar masu saye. Duk suna ƙyalli, amma lambarsu daban. Lamba 201 ta fi araha, nikel ɗinta kaɗan ne, gishiri na saurin ɗiga mata tabo. Lamba 304, mai kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ta wadatar a kicin, amma dab da teku tana yin ƙananan ramuka kamar cin gara. Lamba 316 ce aka ƙara wa sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3, ita ce ta bakin ruwa, kuma ita ce mai tsada. Kada ka dogara da gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa, domin duka ukun ba su cika kama shi ba. Ka nemi lambar a jikin kayan ko a takardar kamfani. Ni dai a ganina, ba a yin get sukutum da 316. A kashe kuɗinta kan hinji, sakata, noti da ƙarfen baranda.

Taga kam alminiyam ta fi. Ba ta jan tsatsa, sai dai farin gari da ƴan ramuka idan ba a wanke ta.

A kwanon rufi, alminiyam ko aluzinki, wanda rufinsa ke da kashi 55 na alminiyam, sun fi kwano na gama-gari. Amma ka duba ƙusa. Kafinta zai iya ɗora kwano mai tsada ya buga shi da ƙusar baƙin ƙarfe, daga nan yoyo ke farawa. Haka kuma kada ruwa ya gangaro daga bututun jan ƙarfe zuwa kan alminiyam ko zinki, domin ƙarafa biyu mabambanta idan ruwan gishiri ya haɗa su, ɗaya ne ke cinyewa.

Rodi shi ne wanda ba a gani. Idan aka kwaɓa kankare da yashin teku da ba a wanke ba, rodin zai yi tsatsa a ciki, ya kumbura, ya tsaga ginshiƙi. Ka tambayi mai tifa daga ina ya ɗebo yashin kafin ya juye.