Wane ƙamus ya kamata ka saya idan Turancin jarida kake son ganewa?

Wani ƙanena da ke shirin jarabawar shiga jami'a ya shigo ɗakina da jarida a hannu yana ta ƙyalƙyala dariya. Kanun labarin ya ce 'yan sanda sun yi wa wani mutum "grill" tun safe har la'asar. Ya buɗe ɗan ƙamus ɗinsa na aljihu, ya tarar da ma'ana ɗaya tal: gasa nama a kan wuta. Ya ce, "Yaya, ashe gasa shi suka yi kamar tsire?" Na ce masa titsiye shi suka yi da tambayoyi, kuma laifin ba nasa ba ne, na ƙamus ɗin ne.

Saboda haka kafin ka zaro kuɗi, ka tafi shagon littattafai da kalmomi uku a rubuce a takarda: grill, probe da row. Duk ƙamus ɗin da bai gaya maka cewa probe a bakin 'yan jarida bincike ne, row kuma rigima ce ba layi kaɗai ba, mayar da shi kan kanta. Ƙananan na aljihu kusan duk a nan suke faɗuwa. Arha gare su, amma arhar da ba ta biyan buƙata.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne ƙamus ɗin da aka rubuta musamman don wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Guda uku ne suka yi fice. Oxford Advanced Learner's Dictionary shi ne wanda malamanmu na sakandare suka fi sani, A. S. Hornby ne ya fara fitar da shi a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Longman Dictionary of Contemporary English ya fara fitowa a 1978, kuma yana bayyana kowace kalma ne da kalmomi masu sauƙi kusan 2,000, don kada ka je neman ma'anar kalma ɗaya ka dawo da baƙi uku. Na ukun, Collins COBUILD, ya fito a 1987 daga aikin da John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham. An gina shi a kan tarin rubuce-rubuce da maganganun da mutane suka yi da gaske, har da na jaridu, kuma yana ba da ma'ana a cikin cikakkiyar jimla, kamar malami na yi maka bayani baki da baki.

Ga mai bin labarai, ni COBUILD na fi so, don kalmar takan zo maka tare da abokan tafiyarta, wato kalmomin da aka saba haɗa ta da su a jimla. Amma samunsa a shagunanmu sai an sha yawo, Oxford kuwa ko'ina akwai shi. Idan Turancinka bai yi ƙwari ba tukuna, Longman ya fi sauƙin haɗiya. Kowanne ka ɗauka, duba shekarar bugu, sannan ka ɗaga shafi ɗaya ka haska. Na jabu takardarsa shara-shara ce, rubutun baya yana leƙowa gaba, kuma wata biyu ya isa ya fara zubar da shafuka.

Ƙamus na Turanci zuwa Hausa fa? Na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990 aiki ne mai kyau, yana da amfani sosai ga mai fassara. Sai dai shekarunsa sun nuna ba za ka sami kalmomin zamanin Facebook a ciki ba. Ka riƙe shi a matsayin na biyu.

Sai batun waya. Oxford, Longman, Collins da Cambridge duk suna da shafukan intanet da ake duba kalma kyauta, har da muryar da ke furta ta da lafazin Ingila da na Amurka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: row mai nufin layi "ro" ake cewa, mai nufin rigima kuwa "rau", takarda kuma ba ta magana. Matsalar ita ce data da rashin sabis. Manhajar da ake saya a sauke gaba ɗaya tana aiki ko babu intanet, amma ka karanta sharaɗin da kyau, don wasu biya ɗaya ne, wasu kuma duk shekara za su riƙa cirar kuɗi daga katinka. Merriam-Webster ma kyauta ne, sai dai na Amurkawa ne, an yi shi don 'yan gida, bayaninsa yakan yi wa mai koyo tsauri.

Kalmomin yayi kuwa, kada ka kashe ko sisi a kan littafinsu. Kafin tawada ta bushe sun tsufa. Oxford ta zaɓi rizz a matsayin kalmar shekarar 2023, wato farin jini da iya jan hankalin wanda ake so. A 2024 kuma ta ɗauki brain rot, dushewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon shirme a waya. Merriam-Webster ta zaɓi gaslighting a 2022, juya wa mutum tunani har ya fara shakkar abin da ya gani da idonsa. Babu littafin da ke kan kanta da zai iya wannan gudun. Matasa sukan ruga shafin intanet na Urban Dictionary, wanda aka kafa a 1999, amma can kowa ne ke rubuta abin da ya ga dama, ga batsa, ga zolaya. Leƙa shi don ka sami haske, sannan ka tabbatar a Cambridge ko Collins, inda za a sa wa kalmar alama: ta hira ce, ta kan titi ce, ko zagi ce. Wannan alamar ita ce za ta hana ka rubuta wa shugaban wurin aikinka abin da sai a majalisar abokai ake faɗa.

Wani abin da mutane ke rikitawa: Oxford English Dictionary daban yake da na Hornby. Shi babban rumbun tarihin kalmomi ne, shi ne a 2020 ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, cikinsu har da okada, danfo da Kannywood. Abin alfahari ne, amma ba shi mai koyo yake buƙata ba.

Su kalmomin kansu daga labarai za ka tsinto su, kuma nan ma ba sai ka biya ba. BBC Learning English na da shiri da ke ɗauko kanun labarai yana warware kalmominsu, ga kuma 6 Minute English da The English We Speak, wanda ya fi karkata ga salon maganar yau da kullum. Ana iya sauke su lokacin da data ke da arha a saurara daga baya. Dabarar da na fi ganin amfaninta kuwa a gida take: ka karanta labari a Aminiya, sannan ka nemi irinsa a Daily Trust, tunda gida ɗaya ne ke buga su. Ka riga ka san abin da ya faru, saura kawai ka ga yadda Turanci ya faɗe shi.

Ƙanen nawa Oxford ya saya a ƙarshe, da littafin rubutu mai shafi 40. Kowace kalma yana rubuta ta tare da kanun labarin da ya same ta a ciki, da ranar. Jiya ya zo yana tambayata dalilin da ya sa gwamna zai yi wa kwamishina "axe", alhali ba a ga gatari a hoton ba.