Jaririn kyanwa da uwarsa ta bari: abin da ya kamata a saya a Zinder da abin da za a bari a kanti

Jaririn kyanwa da aka tsinta a kangon gida a Birni, ko a bayan buhuna a Kasuwar Dole, nauyinsa a ranar haihuwa giram 100 ne ko kusa da haka, idanunsa a rufe, kunnuwansa a liƙe, kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa. Wanda ya ɗauke shi yakan nufi kanti kai tsaye domin sayen madara, alhali akwai abubuwa biyu da ke gaban madara, wato neman uwar da za ta shayar da shi da kuma ɗumi, kuma madarar da ta fi kusa da hannu ita ce ta fi saurin yi masa lahani.

Kafin a kashe ko dala, sai a tabbatar cewa uwar ta bar shi da gaske. Kyanwa mai jego takan tafi neman abinci ta yi sa'o'i, kuma takan sauya wa ƴaƴanta maɓoya tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya a baki, don haka wanda aka gani shi kaɗai wataƙila jiran zuwanta yake yi. Idan jikinsa da tsabta, da ɗumi, cikinsa a cike, yana barci, a barbaɗa toka kewaye da wurin a ja da baya na wasu sa'o'i. Sawun uwar zai nuna ko tana zuwa. Idan kuwa jikinsa ya yi sanyi, ko yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ko tururuwa sun hau shi, ko rana na dukansa, ba a jira.

Zaɓin da ya fi kowane ba a sayar da shi a kanti: wata kyanwa mai shayarwa wadda ƴaƴanta ba su yi wa wannan nisa a girma ba. Kyanwoyi masu jego sukan karɓi ɗan da ba nasu ba, musamman idan aka fara goga masa tsumman da ƴaƴanta ke kwanciya a kai, sannan aka ajiye shi a tsakaninsu ana lura da yadda za ta yi. Ita za ta ba shi nono da ɗumi, ta lashe shi ya yi fitsari da kashi, ta kuma ɗauke wa mutum tashin dare. Tambayar maƙwabta da masu shaguna na unguwa ko akwai mage mai jego ya fi kowace tafiya zuwa kanti amfani, kuma kuɗin da za a kashe a nan na ciyar da uwar ne da kifi ko nama, wanda ya fi madarar gwangwani sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan ba a samu ba, abu na farko da za a tanada shi ne ɗumi, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi hanjinsa ba ya aiki, madarar da aka ɗura masa a wannan hali sai ta zauna a ciki ko ta dawo ta shiga huhu. A makon farko yana bukatar makwanci mai zafin digiri 29 zuwa 32, ana ragewa a hankali har zuwa mako na huɗu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, matsalar ita ce zafi da bushewar jiki, sai a ajiye kwalin a ɗaki mafi sanyi, nesa da ƙarƙashin rufin kwano da iskar fanka. A Disamba da Janairu kuwa, daren hunturu kaɗai ya isa ya kashe shi. Akwai tabarmar ɗumi ta lantarki da ake sayarwa a manyan birane, amma ba ta da amfani a daren da aka ɗauke wuta, kuma tana iya ƙona fatar da ba ta da kauri. Gorar roba da aka cika da ruwan ɗumi aka naɗe da tsumma ta fi ta, muddin ana sauya ruwan idan ya huce, kuma an bar gefe guda na kwalin babu gora domin ya ja jiki idan zafi ya yi masa yawa. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki bai dace ba ko kaɗan, saboda iskar da gawayi ke fitarwa tana kashe mutum ma, balle abin da bai kai tafin hannu ba.

Sai batun madara, inda mafi yawan kuɗi da mafi yawan kuskure suke. Nonon kyanwa yana da kauri: furotin da ke cikinsa ya ninka na nonon saniya sau biyu ko fiye, maiƙonsa ma ya fi yawa, yayin da cikin jaririn ba ya ɗaukar fiye da kimanin mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a shayarwa guda. Ma'anar wannan ita ce duk madarar da ba ta da kauri za ta cika masa ciki ba tare da ta ƙosar da shi ba, sukarin madarar da ya yi yawa kuma ya jawo gudawa, gudawa kuwa a jiki mai giram 100 tana ƙarar da ruwan jiki cikin yini ɗaya. Da wannan ma'auni ake auna duk abin da ke kan kantar mai shago.

Madarar da aka yi musamman domin ƴaƴan kyanwa ita ce kaɗai ake iya rainon jariri da ita tun daga haihuwa har yaye ba tare da fargabar ƙarancin wani sinadari ba, domin an ƙara mata furotin da maiƙo da sinadarin da ake kira taurin (taurine), wanda jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshensa, kuma rashinsa yana lalata ido da zuciya. Sanannu a cikinsu akwai KMR ta kamfanin PetAg na Amurka, da Babycat Milk ta Royal Canin na Faransa, da kayan Beaphar na ƙasar Holan. Ta Royal Canin tana zuwa da kwalbar shayarwa da kawunan roba da cokalin awo a cikin kwali ɗaya, garin kuma a rarrabe cikin ƙananan leda, wanda ya dace da ƙasa mai zafi saboda ba a buɗe duka a lokaci guda. KMR tana zuwa a gari da kuma a ruwa, ana dama garin awo ɗaya da ruwan ɗumi awo biyu. A ganina ta ruwan ba ta dace da Zinder ba, tun da da zarar an buɗe ta sai firiji mai wuta ba yankewa. Garin ma maiƙonsa yana lalacewa da zafi bayan an buɗe, don haka a duba ranar ƙarewar wa'adi, a shinshina, a ƙi duk gwangwanin da ya daɗe a rana ko ya canza wari, a kuma gwammace ƙaramin gwangwani a kan babba ko da babban ya fi araha a lissafi. Giram 300 zuwa 400 yakan kai jariri guda kusa da yaye.

Wahalar ita ce samunta. Shagunan maganin dabbobi na garin sun fi ba da ƙarfi ga shanu, tumaki, awaki, raƙuma da kaji, don haka sau da yawa sai an yi saƙo daga Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, ko daga Kano, mai nisan kusan kilomita 240. Jaririn kuwa ba zai jira mota ba. Hanyar da ta dace ita ce a yi saƙon a ranar da aka tsince shi, a riƙe shi da haɗin gida har ya iso. Idan mai saƙon bai samu ta kyanwa ba sai ta ƴaƴan kare, a karɓa domin wucin gadi kawai, saboda ba ta kai ta kyanwa furotin ba.

A cikin abin da ake samu a gida, nonon akuya ne ya fi dacewa a fara da shi, kuma ba wuya a same shi a gidajen da ke kiwon jar akuya irin ta Maraɗi. Yana narkewa da sauƙi, amma shi kaɗai bai da kaurin da ake bukata, sai an ƙarfafa shi: kofi ɗaya na kimanin mililita 250, a tafasa shi saboda cututtukan da ɗanyen nono ke ɗauke da su, a bar shi ya huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai biyu da ƙaramin cokali na man girki a ciki har su haɗe. Ba a sa farin ƙwai, domin ɗanyensa yana hana jiki amfana da wani sinadarin bitamin. Nonon tunkiya ya fi na akuya furotin da maiƙo, ga wanda ya samu. Madarar ruwa ta gwangwani marar sukari, irin su Peak, ita ce ta biyu: a haɗa ta da tafasasshen ruwa daidai wa daida, a ƙara gwaiduwa guda. Garin madara mai cikakken maiƙo irin Nido yana biye da ita, shi ma da gwaiduwa. Dukansu na ƴan kwanaki ne, kuma ana haɗa na shayarwa ɗaya ko biyu kawai idan babu firiji, a zubar da saura.

Akwai guda uku da bai kamata a kusance su ba. Madara mai kauri mai sukari, wadda masu shayi ke zubawa, sukarinta ya yi yawa ƙwarai. Garin madarar da ake aunawa daga buhu a ƙulla a leda, mai arha, yawancinsa an cire masa maiƙon nono an maye shi da man kwakwar manja, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Na ukun shi ne wanda ya fi yaudarar masu tausayi, wato madarar jariran mutane irin su Guigoz da NAN: tana da tsada, tana da tsabta, amma an yi ta ne ta yi kama da nonon mace, wanda ya fi na dabbobin gida ƙarancin furotin da yawan sukari, don haka ita ce ta fi nisa da abin da kyanwa ke bukata. Kindirmo, koko da kunu ba sa cikin lissafi.

Abin shayarwa ma yana da zaɓi. Sirinji marar allura na mililita 1, wanda ake samu a kowane shagon magani da kuɗi kaɗan, shi ne ya fi dacewa a makon farko, domin yana nuna adadin da aka sha, kuma ana iya sakin madarar ɗigo-ɗigo a kan harshe. Daga mako na biyu a koma na mililita 3 ko 5. A sayi guda da yawa, saboda robar cikinsa takan fara cijewa bayan wanki, sirinjin da ke cijewa kuwa yakan saki madara da ƙarfi lokaci guda. Kwalbar shayarwa ta ƴaƴan kyanwa ta fi shi idan jaririn yana da ƙarfin tsotso, da sharaɗin hudar kan robar ta zama ƙarama yadda idan aka kifa kwalbar madarar za ta ɗiga a hankali ba ta zuba ba. Kwalbar jariran mutane ta yi wa bakinsa girma, cokali kuma yana sa shi ƙwarewa. Kowanne aka zaɓa, ana shayar da shi ne yana kwance a kan cikinsa, kansa a ɗan ɗage, ba a rigingine kamar jaririn mutum ba, da madara mai ɗumin jiki da aka gwada a bayan hannu. Idan madara ta fito ta hanci, a dakata nan take. A makon farko ana ba shi duk bayan sa'o'i 2 zuwa 3, dare da rana, abin da ya sa filas ɗin ruwan zafi yake cikin kayan da suka cancanci kuɗinsu. Tazarar tana ƙaruwa zuwa sa'o'i 4 ko 5 a mako na uku da na huɗu.

Abin da mutane suka fi ganin almubazzaranci ne, alhali shi ne ke faɗin gaskiya, shi ne ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Jariri mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, kuma ido ba ya iya ganin wannan bambanci. Idan aka auna shi a lokaci guda kowace rana aka ga nauyin ya tsaya kwana biyu ko ya ragu, to madarar ba ta isa ba, ko ba ta karɓe shi ba, kuma lokacin zuwa wurin likitan dabbobi ya yi tun kafin ya daina tsotso. Sikelin yana taimakawa wajen ƙiyasta kwanakinsa ma, tare da alamun jiki: cibiya tana faɗuwa a cikin kwanaki biyar na farko, idanu suna buɗewa tsakanin kwana 7 da 14, haƙoran gaba kuma suna fitowa wajen mako na uku. Wanda ya tsinci mai haƙora ba ya bukatar saƙon madara mai yawa.

Auduga ma dole ce, domin har zuwa kusan mako na uku ba ya fitsari ko kashi sai an shafa masa ƙasan ciki da gindin wutsiya da auduga mai ruwan ɗumi bayan kowace shayarwa. A wajen magani kuwa, taka-tsantsan ya fi saye. Farasitamol guba ne ga kyanwa ko da ɗan ɓalli ne, haka ma magungunan ƙwari masu sinadarin famitirin (permethrin) da ake yi wa karnuka da dabbobin kiwo, da maganin sauro na fesawa a ɗakin da yake kwana. Idan yana da ƙuma, waɗanda ke iya shanye jinin jariri har ya galabaita, matsefi mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi sun isa, a busar da shi sosai nan take. Maganin tsutsar ciki likitan dabbobi ne zai auna shi bisa nauyi.

Daga mako na huɗu ana fara yaye, a nan kuma kasuwar Zinder ta wadatar: dafaffen naman kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya, a niƙa da laushi a dama da madararsa a faranti marar zurfi, babu gishiri, babu yaji, babu albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata jinin kyanwa. Kifin gwangwani mai mai da gishiri bai dace ya zama abincin kullum ba. Idan za a yi saƙon abincin kyanwa na kanti, a nemi wanda aka rubuta cewa na ƙanana ne, a jiƙa busasshensa da ruwa kafin a ba shi. A wannan lokaci ne kuma ake ajiye masa tire mai yashi domin bahaya da ƙaramin kwanon ruwa. Yaye yakan kammala a mako na 7 ko na 8, allurar riga-kafi ta farko tana biyo baya a wajen mako na 8 zuwa na 9, ta ciwon haukan kare kuma daga wata uku, don haka a ware kuɗinsu tun ana lissafin madara.