Kayan nutso na ɗaurin gefe da na saya, bayan damina guda a Dadin Kowa

Tun bara ƴan uwa suke tambayata game da kayan nutson nan da na yo oda daga Legas, irin wanda ake rataya silinda biyu a gefe ƙarƙashin hamata maimakon a goya a baya, turawa na ce masa saidmaunt. To yau dai ga bayani. Ni aikina a dam ɗin Dadin Kowa ne, kwance koma in ta maƙale a kututture, ɗauko injin kwale-kwale in ya faɗa, wani lokacin kuma Allah ya kiyaye neman wanda ruwa ya ci. Ruwan Gongola kuwa da damina jajir yake, hannunka ma ba ka gani sosai.

Abin da ya sa na so shi tun farko, kowace silinda cin gashin kanta take, da bawul ɗinta da regileto ɗinta (abin da ke rage ƙarfin iskar ya kawo ta baki) da agogon iskarta, babu bututun da ya haɗa su. Nawa na alminiyon ne, lita 11 kowacce, ana cika su wajen ba 200 (ba shi ne ma'aunin matsin iska, bar da turanci). Kuma don Allah a daina cewa oksijin ne a ciki, iska ce zalla irin wadda muke shaƙa, kwamfiresa ce ta tace ta ta danna. In ɗaya ta samu matsala rabin iskarka kawai ka rasa, kuma bawul ɗin yana nan gaban ƙirjinka hannunka na kaiwa. Na ga amfanin haka wata Laraba da zoben robar regileton hagu ya fashe ina ƙasa, kumfa ta taso min a fuska, na koma na dama na murɗe na hagun na rufe, na hau sama a hankali ba gaggawa. Da silinda ɗaya ce a bayana ranar wlh da labarin ya sha bamban.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka cewa silinda biyu shike nan an gama. Komai ya ninka, tiyo ya ƙaru, zoben roba ya ƙaru, wurin da zai iya yoyo ya ƙaru. Sannan dole kana sauya abin baki lokaci lokaci, ni duk ba 30 nake juyawa, don in ka manta ka shanye ɗaya tas sannan mai cikar ta lalace to ba ka da komai, kuma wannan laifin ba na kaya ba ne na mai kayan ne. Ga shi alminiyon in iska ta ragu gindin silindar tashi yake yi sama, sai ka maida ƙugiyar da ke riƙe gindin silindar zuwa zoben gaba na jikin rigar.

Inda raina ya ɓaci shi ne ƙananan abubuwan. Igiyar robar da ke riƙe wuyan silinda wadda mai shagon ya haɗo min, wata biyu ta saki, zafin Gombe ya cinye ta ta fara tsattsagewa, kuma bai sa ko ta canji ɗaya a kwalin ba. Ƙugiyoyin ma laka da yashi na shiga sifirin ɗinsu su ƙi buɗewa, ka yi tunanin kana tsakiyar tsohuwar koma kana so ka cire silinda ƙugiya ta cije. Na kira shi ya ce sai dai in jira kaya su iso, sati biyar ina zaune. Yanzu da igiya nake ɗaure ƙugiyar a jikin silinda yadda wuƙa za ta iya yankewa, kuma duk fitowa sai na wanke su da ruwan famfo.

Rigar da ake rataya silindun a jikinta da jakar iskar baya mai daidaita nutso da tasowa ba ni da ƙorafi, ɗinkin na da ƙarfi, bayana ya huta tunda a bakin ruwa nake rataya silindun ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙanina ya ce "Yaya ara min in gwada mana", na ce masa a'a, sai ya samu malami mai takardar koyarwa ya koya masa rufe bawul ido a rufe. Wanda ya riga ya koya zai saya, ya haɗa da igiyar roba biyu, ƙugiya biyu da fakitin zoben roba a oda ɗaya, don babu inda na samu ko ɗaya a Gombe.