Sharhi a kan shirin kula da nauyi bayan tiyatar rage ƙiba, mai tsarin rage sitaci da sukari

Shirin da nake sharhi a kansa wani asibiti mai zaman kansa ne yake gudanar da shi, domin mutanen da aka yi wa tiyatar rage ƙiba, waɗanda suka wuce lokacin da nauyi ke zubewa da kansa, suka shiga lokacin da ake fafutukar hana shi dawowa. Ginshiƙinsa shi ne rage cin sitaci da sukari tare da fifita furotin, kuma abin da mutum yake biya ya ƙunshi ganawa da masaniyar abinci lokaci zuwa lokaci, da gwajin jini, da manhajar waya ta rubuta abin da aka ci, da zaman tattaunawa tsakanin majinyata. Ni tiyatar baifas aka yi mini, wato wadda ake ware ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, kuma na shiga shirin ne bayan ma'auni ya fara hawa a hankali. Ra'ayina shi ne shirin ya cancanci kuɗinsa, amma darajarsa tana ga masaniyar abincin da gwajin jinin, ba ga kalmar rage sitaci da aka yi tallarsa da ita ba.

Dalilin da ya sa ake bukatar irin wannan hidima a bayyane yake ga duk wanda ya bibiyi abin da bincike ya nuna. Babban nazarin da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi dubban masu ƙiba shekara da shekaru, ya wallafa a 2007 cewa waɗanda aka yi wa baifas sun rage kimanin kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a tsakanin shekara ta farko da ta biyu, amma bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kimanin kashi 25 cikin 100. Wannan nasara ce babba, domin nazarin ya kuma nuna raguwar mace-mace a cikin waɗanda aka yi wa tiyata, sai dai yana nuna cewa dawowar wani ɓangare na nauyi abu ne da aka saba gani, kuma a wurin wasu mutane ɓangaren yana da yawa. A watannin farko tiyata tana aiki ta hanyoyi biyu: tumbi ya ƙanƙance, sannan sinadaran jiki masu sanar da ƙwaƙwalwa yunwa da ƙoshi sun sauya, musamman a tiyatar silib da ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da sinadarin yunwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai yunwa ta fara dawowa, tumbi ya ɗan saki, jiki kuma yana ƙona kuzari ƙasa da yadda yake ƙonawa a da, tunda ya ragu. Yawancin asibitoci suna sassauta bibiya a daidai wannan gaɓar, wadda ita ce mutum ya fi bukatar a riƙe hannunsa.

Abin da ya fara gamsar da ni a ganawar farko shi ne yadda masaniyar abincin ta bayyana hanyar da nauyi ke bi ya dawo. Ƙaramin tumbi yana tsayar da nama da kifi da ƙwai, domin suna da ƙarfi, suna daɗewa kafin su wuce, kuma loma kaɗan ke cika shi. Amma biskit da kek da cakulan da soyayyen dankali da lemon kwalba suna narkewa su zame su wuce ba tare da sun haifar da ƙoshi ba, saboda haka mutum yana iya ciye-ciyensu daga safe har dare bai taɓa jin ya cika ba. Kusan duk abincin da ke zamewa haka sitaci ne da aka tace ko sukari, sau da yawa haɗe da mai. A nan ne tsarin rage sitaci ya dace da wanda aka yi wa tiyata fiye da yadda ya dace da sauran mutane: yana kawar da ainihin abincin da ke kewaye aikin da likita ya yi.

Tsarin da aka ɗora ni a kai bai tsananta ba. An bayyana mini cewa abin da ake nufi da rage sitaci shi ne cin ƙasa da giram 130 na kabohaidiret, wato sitaci da sukari, a rana, cewa kuma tsarin kito mai tsanani yana saukowa zuwa tsakanin giram 20 da 50, kuma ba shi suke fara ɗora mutum a kai ba. Abin da aka fi matsawa a kai shi ne furotin, aƙalla giram 60 a rana, wanda ke iya hawa har zuwa giram 1.5 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, domin kada ƙwanji ya zube tare da kitse. Ƙa'idar faranti mai sauƙi ce: a fara da furotin, a bi da ganye da kayan lambu, idan wuri ya rage a ci ɗan wake ko 'ya'yan itace ko hatsin da ba a tace ba. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai an jira kimanin minti 30, domin ruwa yana wanke abincin daga tumbi ya dawo da yunwa da wuri, amma a tsakanin abinci ana son mutum ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana. An kuma gargaɗe ni tun farko cewa kilo ɗaya ko biyu da za su sauka a makon farko yawancinsu ruwa ne, tunda sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, kada in ɗauka kitse ne. Wannan gargaɗi ya ƙara mini amincewa da su, domin mai neman kuɗi kawai zai bar mutum ya yi murna da abin da ba zai ɗore ba.

Inda shirin ya fi yi mini amfani shi ne matsalar faɗuwar sukarin jini, kuma ina ganin wannan ne ya kamata su sa a gaba a tallarsu. Wanda aka yi wa baifas, idan ya ci abu mai zaƙi ko sitaci mai saurin narkewa, abincin yana zubowa cikin hanji da gaggawa. A cikin minti 10 zuwa 30 ana iya jin murɗar ciki da tashin zuciya da bugun zuciya da gudawa. Akwai kuma na biyu da ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da sukari ya hau da sauri, jiki ya saki insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya ji rawar jiki da gumi da jiri da wata irin yunwa mai tsanani. Abin da kowa zai yi a wannan hali shi ne ya nemi abu mai zaƙi, ya ji sauƙi, bayan awa biyu abin ya sake dawowa. Ta haka mutum yake wuni yana bin sukari da sukari, yana zargin kansa da rashin haƙuri, alhali jikinsa ne yake amsa abincin da aka ba shi. Masaniyar abincin ta gano wannan daga bayanan da nake rubutawa, ta sa likita ya ba ni na'urar auna sukari da ake mannawa a hannu na ɗan lokaci, sannan ta taƙaita kabohaidiret zuwa kimanin giram 30 a kowane babban abinci da giram 15 a ƙarami, kullum tare da furotin. Da hawa da saukar sukarin suka lafa, yunwar tsakar rana ta ragu sosai, kuma nauyin da ke hawa ya tsaya, daga baya ya ɗan sauka. Ban taɓa samun wanda ya haɗa mini waɗannan abubuwa biyu, wato faɗuwar sukari da dawowar nauyi, ba kafin wannan shiri, kuma ko da wannan kaɗai suka yi mini da na yaba musu.

Na kuma ji daɗin cewa a ɗakin ganawa ba a zuzuta tsarin fiye da matsayinsa. Da na tambaya ko rage sitaci ya fi rage mai, sai aka ambata mini gwajin da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, wanda aka wallafa a 2018, inda aka raba mutum 609 gida biyu na tsawon wata 12: masu rage mai suka rage kimanin kilo 5.3, masu rage sitaci suka rage kimanin kilo 6, bambancin da bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Waɗannan ba mutanen da aka yi wa tiyata ba ne, kuma an faɗa mini haka. Hujjar shirin ita ce tsarin ya dace da siffar ƙaramin tumbi da halin sukarin jini bayan tiyata, kuma wannan hujja ce da zan iya tsayawa a kanta.

Game da mai, sun yi taka-tsantsan da ba a samu a yawancin masu yaɗa tsarin kito. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuma 4, saboda haka man shanu da kirim da cuku da gyaɗa suna iya dawo da nauyi cikin sauƙi ko da ba a taɓa burodi ba, kuma su ma suna zamewa. Bayan baifas akwai ƙarin dalili: man da hanji bai tsotse ba yana kama kalsiyam, sai sinadarin okzalet, wanda kalsiyam ɗin ya saba riƙewa a hanji, ya sami damar shiga jini ya tafi ƙoda, abin da ke ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Shi ya sa aka hana ni dogaro da garin almon da wasu ganyaye masu yawan okzalet, waɗanda girke-girken rage sitaci suka cika da su.

Gwajin jinin ana yin sa bisa tsari, kuma akwai likitan da ke karanta sakamakon ya yi bayani. Ana duba bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da bitamin D da tiyamin da sauransu, ana kuma tunatar da mutum cewa shan ƙwayoyin bitamin bayan tiyata na tsawon rai ne. A nan na koyi cewa kalsiyam da ƙarfe ba a haɗa su a sha lokaci guda, sai an raba su da kimanin awa biyu, domin ɗaya yana hana jiki tsotsar ɗaya.

Akwai abubuwan da ban gamsu da su ba, kuma ɗaya daga cikinsu yana da nauyi. Manhajar wayar an gina ta ne domin masu cikakken tumbi, ma'aunanta sun yi girma, kuma tana taya mutum murna duk ranar da ya ci kabohaidiret kaɗan ko da furotin ɗinsa bai kai ba, wanda ya saɓa wa abin da masaniyar abincin take koyarwa. Ana kuma yawan tallata garin furotin da ƙwayoyin bitamin masu tambarin asibitin, alhali akwai makamantansu masu rahusa da ke cika ƙa'ida ɗaya. Zaman tattaunawar yana da amfani idan ma'aikaci yana jagorantarsa, amma idan aka bar majinyata su kaɗai yakan koma gasar wa ya fi tsanantawa, har ka ji ana kallon cin tuffa ɗaya a matsayin gazawa. Babban giɓin shi ne rashin masanin halayyar ɗan'adam a cikin ainihin shirin, sai an biya daban. Mutane da yawa da suka kai ga tiyata suna da tarihin cin abinci saboda damuwa ko kaɗaici, tiyata kuma ba ta taɓa wannan ɓangaren ba. Ƙidayar giram ba ta magance shi, a wasu mutanen ma dokoki masu tsauri suna haifar da kamewa ta kwanaki sannan ɓarkewar ci da nadama. Ga kuma batun barasa, wadda ke shiga jini da sauri sosai bayan baifas kuma haɗarin kamuwa da shanta yana ƙaruwa, amma an wuce shi da jimla ɗaya a takardar maraba. Shirin da ya ce na dogon zango ne bai kamata ya mayar da wannan abin zaɓi ba.

Motsa jiki an ambace shi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato aƙalla minti 150 a mako da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, amma babu wanda ke koyarwa ko bibiya. A gefe guda, na yaba da cewa ba su ɗauki magungunan allura na rage nauyi irin su semaglutide a matsayin abin kunya ba. Idan nauyi ya ci gaba da hawa duk da an gyara abinci, suna tura mutum ga likita domin a duba ko akwai matsala a wurin tiyatar, a kuma tattauna magani.

Shirin ya fi dacewa da wanda ya wuce shekarar farko, ya ga ciye-ciye sun dawo ko yana fama da alamomin faɗuwar sukari. Wanda ke cikin makonnin farko yana da matakan abincin da likitan tiyatarsa ya tsara, daga ruwa-ruwa zuwa mai laushi, kuma su ya kamata ya bi. Mai ciwon sukari da ke amfani da insulin yana bukatar a gyara masa adadin kafin ya rage sitaci, mai shan magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari kuma yana cikin haɗarin taruwar asid a jini idan ya tsananta ragin, kuma shirin yana tambayar wannan tun a takardar shiga. Mai ciwon ƙoda ba zai ɗaga furotin ba sai da izinin likitansa, mace mai juna biyu ko mai shirin ɗauka kuma ba a ɗora ta a kan tsari mai tsanani. Kafin mutum ya biya, ya nemi a rubuta masa ko masaniyar abincin da zai fara da ita ce za ta ci gaba da ganinsa, ko ta saba da masu irin tiyatarsa, da kuma ko kuɗin gwajin jini yana cikin abin da ya biya a shekara ta biyu, domin a nawa ƙunshin sai da aka sabunta shi daban.